Yadda Ɗalibin Jami'a Zai Je Turai Yayi Samista Ɗaya Ta Tsarin Erasmus+ Ya Dawo Da Makinsa, Mataki-Mataki

Tambayar yadda ake zuwa Turai ta tsarin Erasmus+ tayi yawa, kusan duk wanda yaji cewa akwai hanyar da ɗalibi zai je Turai yayi samista guda ba tare da ya biya kuɗin makaranta ba, har ma a riƙa bashi kuɗi duk wata, abu na farko da yake cewa shine a turo masa inda zai cike fom. Toh bari in faɗa tun yanzu, babu wani fom guda ɗaya a intanet da kowa zai shiga ya cike, abin ta jami'arka yake biyowa. Erasmus+ shiri ne na Tarayyar Turai na musayar ɗalibai, wanda zanyi bayani akai shine ɓangarensa da ake kira KA171, wato wanda ya shafi ɗaliban ƙasashe irin namu da basa cikin Tarayyar Turai. Ba shine Erasmus Mundus ba dan Allah, shi wancan cikakken digiri na biyu ne kuma kai kake nema da kanka, wannan kuwa kana ɗalibin jami'arka zaka tafi wata biyu zuwa wata 12, yawanci samista ɗaya, ka dawo ka ƙarasa a gida kuma shaidar digirinka ta gida ce.

Abinda nafi so a riƙe shine samun tafiyar rabin aiki ne kawai. Ɗaya rabin shine ka dawo jami'arka ta karɓi kwasa-kwasan da kayi a can, in ba haka ba yawon buɗe ido kaje kuma shekara guda zata ƙaru maka. Wannan rabin kuwa a gida ake gama shi kafin a hau jirgi.

1. Gano ko jami'arka tana da yarjejeniya

Dole sai akwai takardar yarjejeniya tsakanin jami'arka da wata jami'ar Turai, kuma ita ta Turan ce take neman kuɗin ta riƙe, itace zata biya ka. Ka tashi da ƙafarka kaje ofishin da yake kula da hulɗa da jami'o'in waje, a BUK misali akwai DRIP, wato ofishin bincike, ƙirƙira da haɗin gwiwa, wasu jami'o'in ofishin yana ƙarƙashin mataimakin shugaban jami'a, wasu kuma wani lakcara ɗaya ne a wani sashe ya ƙulla alaƙar kuma shi kaɗai ya san lokacin da ake buɗewa. Tambayoyi uku zaka yi: da wace jami'a, wane fanni yarjejeniyar ta ƙunsa, kuma wane matakin karatu. Saboda zaka iya samun yarjejeniya amma ta 'yan injiniyanci ce kawai, ko ta masu digiri na biyu da na uku, ko ma ta malamai zalla babu ɗalibi ko ɗaya.

Wata dabarar, ka rubuta KA171 da sunan jami'arka a Google, jami'o'in Turai da yawa suna lissafa abokan hulɗarsu a shafukansu, sai ka buga takardar ka kai ofis a hannu.

Gargaɗi: duk wanda yace ka bashi kuɗi zai samo maka gurbi, ɗan damfara ne. Neman gurbin kyauta ne kuma babu ejan a ciki, in ma kaje ta wajen wani jami'ar can bazata saurare ka ba sai jami'arka ta aika sunanka a hukumance.

2. Zaɓen samistar da zaka tafi

Nan ake yin kuskuren da baya gyaruwa. Galibi ana so ka gama aji ɗaya tukuna. A ganina mai digirin shekara huɗu lebul 200 samista ta biyu ko lebul 300 samista ta farko sun fi, matuƙar bata faɗa kan SIWES ko koyarwar gwaji ba, domin waɗannan babu mai yafe maka su. Shekarar ƙarshe kuwa akwai firojet da sufabaiza da kare aiki, ga kuma lissafin shiga bautar ƙasa, wanda shekarunsa suke dab da 30 ya zauna yayi lissafi da kyau kafin ya yarda da duk abinda zai jinkirta masa gamawa. Mai keri-oba shima ya duba, in kwas ɗin a samistar da zaka tafi ake yinsa toh ya koma baɗi kenan.

Sai maganar kalanda. A Sifaniya samistar farko Satumba ce zuwa Janairu, ta biyu ƙarshen Janairu ko Fabrairu zuwa Yuni, Turkiyya ma kusan haka, Jamus kuwa lakcoci a tsakiyar Oktoba suke farawa, ta biyu a Afrilu. Namu kalandar tun yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 kowace jami'a da inda ta dosa, saboda haka samista ɗaya a can tana iya cin wutsiyar samista ɗaya a nan da kan wata. Ka ɗauki takarda ka jera ranakun biyu gefe da gefe, ranar fara jarabawarku a gida da ranar da dole ka kasance a can. In sun haɗu, tun yanzu zaka kai maganar gaban shugaban sashe ba sai biza ta fito ba.

3. Fasfo, tun kafin a buɗe nema

Kar ka jira sai an zaɓe ka. Daga 1 ga Satumba 2025 fasfon Najeriya mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma 200,000, kuma ta shafin hukumar shige da fice ake biya. Matsalar da tafi damun 'yan arewa ba kuɗin bane, sunan ne. A NIN Muhammad, a takardar makaranta Mohammed, a wani wajen an saka sunan gari a wani babu, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Fasfo abinda ke NIN yake ɗauka, jami'ar can kuma abinda ke fasfo zata rubuta a takardar gayyata, in ya saɓa da tiranskirif ɗinka sai an nemi takardar rantsuwa daga kotu. Gyaran nan yana cin makonni, a fara shi da wuri.

Mai tsohon fasfo ya duba ranar ƙarewarsa, ƙasashen Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, suna so ya rage aƙalla wata uku bayan ranar da zaka baro, da shafi biyu da ba'a buga komai ba, ni dai shawarata in bai kai wata shida ba ka sabunta kawai.

4. Neman gurbin a cikin gida

Idan sanarwa ta fito lokacin da ake bayarwa gajere ne, kuma gurbin kaɗan ne, wani lokacin biyu ko uku ga jami'a gaba ɗaya. Abubuwan da aka saba nema: tiranskirif, shaidar kai ɗalibi ne mai rijista, CV, wasiƙar dalilin da yasa kake son zuwa, shaidar iya yare, da kwafin fasfo. Maganar yare yawanci matakin B1 ko B2 ake so, wato matsakaicin iyawa a ma'aunin Turai, kuma jami'o'i da dama suna karɓar wasiƙa daga rijistara cewa da Turanci ake koyar da ku, sai ka tambaya kafin ka zuba kuɗi a jarabawar Turanci ta IELTS.

Wasiƙar nan ita mutane suke ɓatawa. Kowa sai ya rubuta tun yana yaro yake mafarkin zuwa Turai, wannan baya motsa kowa. Ka buɗe jerin kwasa-kwasan jami'ar can, ka ambaci guda biyu ko uku da sunansu, ka faɗi abinda suke da shi da babu a sashenku da yadda zai shiga firojet ɗinka in ka dawo. Mai tantancewa yana gani ya san wannan ya zauna yayi bincike.

In kana da nakasa ko kana cikin rukunin masu ƙaramin ƙarfi da yarjejeniyar ta ambata, ka faɗa kuma ka kawo shaida, akwai ƙarin yuro 250 a wata da aka ware don haka, ba abin kunya bane haƙƙinka ne.

Bayan an zaɓe ka jami'arka zata aika sunanka, sai ita ta can ta turo maka imel ka cike nata fom ɗin. Mai tafiya Satumba yawanci tsakanin Afrilu da Yuni ake rufewa, mai tafiya Fabrairu kuma Oktoba zuwa Nuwamba. Ka riƙa leƙa wajen da imel yake jefa saƙonnin banza, gayyata da yawa a can take kwana har lokaci ya wuce.

5. Yarjejeniyar kwasa-kwasai, wadda itace komai

Sunanta Learning Agreement, kuma mutum uku ne suke saka hannu, kai da jami'arka da jami'ar can. Tebur biyu ne a ciki. Na farko kwasa-kwasan da zaka yi a can, na biyu kwasa-kwasan gida da waɗancan zasu maye gurbinsu. Mutane sai su cika na farko da zumuɗi su bar na biyu yadda suka ga dama, alhali na biyun shine rayuwarka.

A Turai samista cikakkiya kiredit 30 ce a ma'aunin ECTS, shekara 60, kuma kiredit ɗaya yana nufin aikin awa 25 zuwa 30 har da karatun da zaka yi a ɗaki. Mu kuma yunit muke ƙirgawa, yawanci 15 zuwa 24 a samista, kwas ɗaya yunit biyu ko uku. Kaga a can kwas biyar masu kiredit shida-shida sun cika samista, a nan kuma kana da kwas takwas ko tara, toh ta yaya biyar zasu biya tara? Amsar itace ba dole sai kwas ya yi daidai da kwas ɗaya bayan ɗaya, ana iya haɗa biyu na gida a ƙarƙashin ɗaya na can in abinda ake koyarwa ya yi kusa, amma wannan hukuncin ba naka bane, na sashenku ne. 'Yan'uwanmu na Nijar nan sun huta, tsarin LMD na digiri na ɗaya da na biyu da na uku da ake bi a jami'ar Abdou Moumouni da sauransu dama kiredit 30 ne a samista.

Ga yadda zaka yi. Ka buga bayanin kowane kwas na can, abinda ake koyarwa mako-mako da yadda ake jarabawa. Ka ɗauki littafin sashenku ka buɗe shafin lebul ɗinka. Ka samu kodinetan lebul a lokacin da babu layi a ƙofarsa, ka ajiye takardun biyu a gabansa kace Malam ga wannan ga wannan, wanne kake ganin zai tsaya a madadin wanne, ku bi da biro layi-layi. Misali ɗan tattalin arziki a lebul 300, kwas ɗin ikonometiriks na can zai iya tsayawa a madadin na gida kai tsaye, amma kwas irin tsarin tattalin arzikin Najeriya babu inda zaka same shi a Poland, sai a rubuta ƙarara cewa wannan zaka yi shi in ka dawo kuma a wace samista, a kuma duba ko yunit ɗin wancan lokacin bazai haura iyaka ba. Daga nan sai wajen jami'in jarabawa, sannan shugaban sashe.

Gargaɗi babba: “ba komai, kaje ka dawo zamu duba” ba amincewa bace. Shugaban sashe wa'adi gare shi, kana iya dawowa ka tarar da wani a kujerar wanda bai san da maganar ba. Ka nemi a kai maganar zaman hukumar sashe ta shiga rubutaccen bayanin taro, in tsarin jami'arku yana buƙatar tsangaya da sanet su amince a bi ta nan, ka riƙe kwafi mai hatimi, ka ɗauki hotonsa ka tura wa kanka a imel.

A wannan zaman dai ku gama maganar yadda za'a juya maki. A Sifaniya daga 0 zuwa 10 ne kuma 5 ce cin jarabawa, a Faransa 10 cikin 20, a Italiya 18 cikin 30, a Poland daga 2 zuwa 5 kuma 3 ce ci, a Jamus kuwa abin a juye yake, 1.0 itace ƙoli 4.0 kuma ƙarshen ci. Ka ɗauka ka kawo 1.3 daga Jamus wanda babban maki ne, aka miƙa wa wanda bai san tsarin ba, zai ɗauka da ƙyar ka tsallake. Sai a rubuta tun yanzu ko makin zai shiga CGPA ɗinka da wane ma'auni, ko kuwa za'a rubuta ka ci ne kawai ba tare da ya taɓa CGPA ba.

Abu na ƙarshe a nan, ka tabbatar kwas ɗin da Turanci ake yinsa kuma a samistar da zaka je ake bayar da shi, sunan kwas da Turanci a shafin jami'a baya nufin malamin da Turanci zai yi magana. Ka ajiye kwas biyu na ko-ta-kwana da sashenku ya riga ya amince dasu.

Kuma kar ka manta kayi rijistar samistar a gida ka biya kuɗin makarantarku kamar kullum, can ne kawai aka yafe maka. Wanda bai yi ba fotal zata nuna ya gudu daga karatu.

6. Lissafin kuɗi na gaskiya

Tallafin wata-wata yuro 800 ne zuwa 900 gwargwadon ƙasa. Turkiyya, Poland, Romaniya, Hungary 800, Sifaniya da Portugal 850, irin su Sweden, Norway da Denmark 900. Kuɗin tafiya kuma ba kuɗin tikitinka ake biya ba, nisa ake aunawa a miƙe daga garin jami'arka zuwa garin can da ma'aunin Tarayyar Turai. A tsarin da aka fara daga 2024, kilomita 3,000 zuwa 3,999 yuro 580 ne, 4,000 zuwa 7,999 kuma 1,188, kuma wannan na zuwa da dawowa ne gaba ɗaya. Daga Kano zuwa Madrid bai kai 4,000 ba amma zuwa Warsaw ya haura, kaga mai zuwa Sifaniya daga arewa ya shirya cikawa daga aljihunsa. Ka duba takardar tallafinka domin yarjejeniyar da ta girmi 2024 kuɗinta ya fi haka ƙasa.

Ga inda ido yake raina fata. Kuɗin nan yawanci sai ka isa, kayi rijista, ka saka hannu, wani wajen sai ka buɗe asusun banki sannan a biya, kuma ba duka ba, kashi 70 ko 80 ake fara bayarwa sauran sai ka gama. Wata biyar a ƙasar 800 yuro 4,000 kenan, in kashi 80 ne zaka karɓi 3,200, ragowar 800 sai ƙarshe. Ma'ana fasfo, biza, inshora, zirga-zirgar Abuja ko Legas, tikiti in jami'ar bata saya maka ba, kuɗin ajiya na ɗaki, hayar watan farko da abincin makonnin farko duk daga gida zasu fito. Ka rubuta wa jami'ar can ka tambaya kai tsaye, yaushe ake biyan kashin farko kuma ta wace hanya, kuma suna sayen tikiti ko sai dai ka saya. Da wannan amsar zaka zauna da mahaifi ko yayanka ko duk wanda zai ranta maka, ka gaya masa gaskiyar ranar da zaka iya mayarwa.

Kuma girman tallafin ba shine abin dubawa ba. Ɗaki a Munich, Dublin, Amsterdam ko Barcelona zai iya cinye fiye da rabin kuɗin, wanda yake ƙaramin gari a Poland ko Romaniya ko Turkiyya a hostal ɗin jami'a da 800 ɗinsa ya fi shi sakewa nesa ba kusa ba. In an baka zaɓi ka tuna da wannan.

7. Biza

Ranar da takardar gayyata ta iso, ranar zaka nemi ranar ganawa, wannan shine abinda yafi cin lokaci musamman daga Yuni zuwa Satumba. Zaman da ya wuce kwana 90 biza ta ƙasa ake nema wadda ake kira nau'in D, ba ta Schengen ta 'yan ziyara ba, in ka nemi waccan ka shiga da ita yawanci ba'a juya ta daga ciki sai ka dawo gida. Wasu ƙasashen ofishin jakadanci kai tsaye ake zuwa, wasu ta kamfanoni irin VFS Global, TLScontact ko BLS, Faransa kuma sai ka fara bi ta Campus France, ofishinta mai kula da ɗaliban waje. 'Yan Nijar su sani ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, sai a tambayi jami'ar can tun farko a ina za'a nema.

Abin riƙewa: takardar gayyata, takardar tallafi mai nuna adadin kuɗi da watanni, shaidar masauki, inshorar lafiya ta duk tsawon zaman, wasiƙa daga jami'arka cewa kai ɗalibinta ne kuma zaka dawo ka ƙarasa, tiranskirif, hotuna. Wasu ƙasashen suna ƙara takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sanda wadda ta shafinsu na intanet POSSAP ake nema, ko su ce sai ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a Abuja sun buga hatimi a takardunka. Jerin da yake shafin ofishin jakadancin a wannan watan shi zaka bi, ba abinda wani da ya tafi bara ya gaya maka ba. Ka kuma tambaya ko ana yafe wa masu tallafin Erasmus+ kuɗin biza, akwai ƙasashen da suke yi.

Gargaɗi: kar ka yarda wani ya “gyara” maka takardar banki. Takardar tallafinka itace hujjarka, in akwai giɓi mai ɗaukar nauyi na gaskiya ya cike, takardar bogi guda ɗaya tana rufe maka ƙofar ƙasashe da yawa lokaci guda. Kuma kar ka sayi tikitin da ba'a canza masa rana kafin biza ta fito. In biza ta makara ka sanar da jami'ar can da wuri, suna da ranar ƙarshe ta isowa kuma wani lokacin suna iya ɗaga ka zuwa samista ta gaba.

8. Masauki da tikiti

Hostal ɗin jami'a shine zaɓi na farko, ka cike fom ɗinsa ranar da aka buɗe. In babu sai ka nemi jerin gidajen da jami'ar ta amince dasu ko ka tuntuɓi ƙungiyar ɗalibai ta ESN ta garin, suna haɗa baƙo da ɗalibin gari da zai taimaka masa. Duk wanda ya turo hotunan ɗaki mai kyau da araha a Facebook yace baya gari amma ka tura kuɗin ajiya zai aiko da makulli, ka rabu da shi.

Tikiti kuma ka gwada farashin tashi daga Kano da na Abuja da na Legas ka haɗa da kuɗin mota. Mai zuwa Turkiyya ya kula, Turkiyya bata cikin Schengen, kuma mai fasfon Najeriya in zai canza jirgi a filin jirgin wata ƙasar Schengen sai da bizar wucewa, saboda haka ka ɗauki mai zuwa kai tsaye ko mai bi ta Alƙahira ko Addis Ababa. Katin rigakafin shawara shima ya kasance a hannu.

9. Kaya

Kilishi, dambun nama, man shanu, duk wani nama ko abin madara haramun ne shiga da shi Tarayyar Turai a jaka, ƙwacewa ake yi har da tara, ka gaya wa Hajiya tun kafin ta sa a yi. Yaji, kuka, kuɓewa busasshiya da daddawa a ɗaure su da kyau a leda mai rubutu. Magani sai da takardar likita. Adafta mai baki biyu zagayayye, ƙaramar buta, da rigar sanyi ɗaya mai kauri da zata kai ka masauki, sauran ka saya a can a shagunan gwanjo. Asalin takardunka duka a jakar hannu.

10. Makonni biyu na farko

Ranar farko ta aiki kaje ofishin ɗaliban waje a buga maka shaidar isowa, daga ranar ake fara ƙirga kuɗinka. Sai rijistar hukuma wadda kowace ƙasa da wa'adinta: a Jamus rijistar adireshi cikin kwana 14, a Italiya neman izinin zama cikin kwanakin aiki takwas, a Faransa tabbatar da biza ta intanet cikin wata uku, a Turkiyya kuma katin izinin zama da ake kira ikamet wanda ofishin jami'a yake nuna yadda ake yi. Sai layin waya, asusun banki, katin mota na ɗalibai. In Asabar ka sauka a Jamus ko Poland ka sayi abinci a ranar, Lahadi yawancin shaguna a rufe suke.

Kusan kowa sai ya tarar wani kwas ya ci karo da wani ko an soke shi. Akwai sashen canji a cikin yarjejeniyar kuma cikin makonni biyar na farkon samista ake yi, wasu jami'o'in ma basa kaiwa haka. Nan kwasa-kwasan ko-ta-kwana suke amfani. Gargaɗi: canjin ma sai ɓangare ukun sun sake amincewa a rubuce, saƙon WhatsApp na “ba damuwa” daga kodineta bai wadatar ba.

11. Karatun da zaman

Aji a can ba zama ka kwafi hannun malam bane ka jira jarabawa. Akwai aikin rukuni, gabatarwa a gaban aji, rubutu duk mako, a Italiya da wasu wuraren har jarabawar baka, kuma a jami'o'i da yawa sai kayi rijistar jarabawa daban da ta kwas, wanda ya manta bazai zauna ba. Kwafe rubutun wani ba tare da ambatonsa ba kuwa sifili ne kai tsaye.

Sallah a lokacin sanyi tana son shiri, a Disamba a arewacin Turai rana kafin ƙarfe huɗu da rabi ta faɗi, Azahar da La'asar da Magariba duk a tsakiyar lakcoci suke faɗowa, sai ka nemi ɗakin ibada ko wani lungu a laburare tun makon farko, kuma ka duba jadawalinka na Juma'a kafin ka tsayar da kwasa-kwasai. A waɗannan shekarun azumi a samistar Fabrairu yake faɗowa. Ka haddace sunan alade da yaren garin, cerdo a Sifaniya, Schwein a Jamus, porc a Faransa, ka nemi shagon Turkawa ko Larabawa ko 'yan Pakistan domin nama. 'Yan'uwa mata, hijabi yawanci ba'a hana shi a jami'o'i har a Faransa, niƙabi ne doka ta hana a bainar jama'a a Faransa, Beljiyam, Ostiriya da Denmark. In a gida ana ɗari-ɗari da tafiyar, abinda yafi kwantar da hankalin iyaye shine ki nuna musu takardar hostal na mata ko ɗakinki ke kaɗai, da lambar jami'in da yake kula daku, kuma in zai yiwu malamin sashenku ya kira Baba da kansa.

Bizar D ta ƙasar Schengen tana baka damar leƙa sauran ƙasashen har kwana 90 cikin 180, kaje ka gani amma ba a makon jarabawa ba, domin jami'o'i da dama suna da mafi ƙarancin kiredit da dole ka ci ko a nemi ka mayar da wani ɓangare na kuɗin. Maganar ɓacewa a ƙi dawowa kuwa, wallahi ba kanka kaɗai ka cuta ba, gurbi biyu ko uku ne dama, kuma jami'ar da ɗalibi ya gudar mata da wuya ta sake neman kuɗi da sunan jami'arku, ƙannenka na sashe su zasu biya.

12. Dawowa da shigar da maki

Kafin ka baro ka karɓi shaidar kammala zama mai ɗauke da ranar farawa da ta gamawa, da kwanaki ake lissafin tallafin, in ka taho da wuri za'a zaftare. Ka miƙa ɗaki a duba a gabanka domin kuɗin ajiyarka ya dawo, ka soke rijistar adireshi inda ake yin haka, ka ajiye katin shiga jirgi na zuwa da na dawowa. Kar ka rufe asusun bankin can sai ragowar kuɗin ta shigo. Za'a turo maka rahoton da zaka cike ta imel, kwana 30 ake bayarwa, kuma shi ake jira kafin a saki ragowar.

Tiranskirif ɗin can a ƙa'ida cikin makonni biyar bayan fitar da sakamako yake zuwa, ka roƙa a haɗa da bayanin ma'aunin makinsu kuma a aika kwafi kai tsaye zuwa ofishin jami'arku. Da ya iso ka haɗa shi da yarjejeniyar farko, da takardar canji, da kwafin amincewar sashe, ka rubuta wasiƙa ta hannun kodineta zuwa shugaban sashe, ka sa a buga maka shaidar karɓa a kwafinka. Daga nan sai bibiya wajen jami'in jarabawa kafin a kai sakamakon samistar gaban sanet, domin in aka kai da sunanka a matsayin wanda bai zauna jarabawa ba gyaran sai ya sake bin sashe da tsangaya da sanet daga farko. Ka buɗe fotal ka duba kwas-kwas, duk wanda yake tebur na biyu ya fito da makinsa, waɗanda aka ce zaka yi in ka dawo kuma ka saka su a rijistar samistar da aka rubuta.